Ku Tambaya Mu Amsa: Idan Gwiwar Mai Bishara Ta Yi Sanyi

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karo daga Kebbi da Zamfara sun taru a kan damuwa ɗaya, wato gajiyar zuciya a cikin aikin bishara. Mun zaɓi uku, mun taƙaita su, kuma mun cire sunayen marubutan da na ƙauyukansu kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko

Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ni mai bishara ne a wani ƙauye a ƙasar Zuru, shekara shida ke nan da aka turo ni bayan na gama makarantar Littafi Mai Tsarki. Da na zo na tarar da mutum kamar ashirin suna sujada. Yanzu idan na buga ƙarfe ranar Lahadi da safe, wani lokaci daga ni sai matata da 'ya'yanmu da tsofaffin mata uku. Waɗansu iyalai sun gudu cikin garin Zuru da Ribah saboda 'yan bindiga, samari sun tafi haƙar zinariya, mutum biyu da na shirya domin baftisma kuma sun koma gargajiya. Ɗan abin da ake ba ni ba ya zuwa a kan lokaci, amma rahoto kullum ana nemansa a kan lokaci, ni kuwa kunya nake ji in rubuta abin da ke akwai. Abokaina da muka yi makaranta tare suna riƙe da manyan ikilisiyoyi a birni. Na fara tunanin ko Allah bai kira ni ba tun farko. In ci gaba, ko in tattara kayana?

Wani mai bishara, daga ƙasar Zuru

Amsa

Malam, alherin Ubangiji ya kasance tare da kai da iyalinka. Abin da na fara lura da shi a wasiƙarka shi ne ka tara matsaloli dabam-dabam wuri ɗaya, sa'an nan ka yanke musu hukunci ɗaya, wai Allah bai kira ka ba. Gudun hijirar mutanenka daban ne, jinkirin albashinka daban ne, komawar mutum biyu ga gargajiya ita ma daban ce, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya isa ya zama shaida a kan kiranka.

Bari mu fara da abin da masu hidima suka fi jin nauyin faɗa, wato ciki da jiki. A 1 Sarakuna sura 19, annabi Iliya ya gudu jeji bayan babbar nasarar da ya gani a Dutsen Karmel, ya zauna a gindin wani itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Allah bai tsawata masa a wurin ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da tulun ruwa, ya ci ya sha ya sake kwanciya, aka sake ta da shi ya ci, sai daga baya aka kai ga magana. Mutumin da yake kwana da tunanin kuɗin makarantar yara, yana kuma kasa kunne ko zai ji ƙarar babura da tsakar dare, ba zai iya auna kiransa daidai ba, domin gajiya da tsoro su ne suke yi masa lissafin. Saboda haka kada ka yanke shawara a halin da kake ciki yanzu. Ka nemi hutu daga shugabanninka, ko da na mako biyu ne, ka kai iyalinka inda za ku yi barci da ido biyu a rufe.

Da Iliya ya isa Horeb ya ce shi kaɗai ya rage, Allah ya gyara masa ƙidayarsa, ya ce akwai mutum dubu bakwai da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Kai ma ƙidayarka tana bukatar gyara. Ka ɗauko littafin da kake rubuta masu zuwa sujada, ka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi kanka ina kowane ɗaya yake yau. Iyalin da suka gudu Zuru ko Ribah ba su ɓace wa Kristi ba, bencinka kawai suka bari. Idan suna sujada a wata majami'a a can, aikinka ne yake zaune a wurin, ko da wani fasto ne yake rubuta su a rahotonsa. A Ayyukan Manzanni sura 8, tsanani ya warwatsa ikilisiyar Urushalima, waɗanda suka warwatsu kuwa su ne suka kai Maganar zuwa Samariya da sauran wurare. Ka nemi mutanenka, ka ziyarce su idan hanya ta yi kyau, ka gabatar da su ga faston da ke kusa da inda suka sauka. Samarin da suka tafi haƙar zinariya kuma suna da waya, kuma wurin da suke yana cike da jarabobin da kai ma ka sani, don haka kiran mai bisharan ƙauyensu sau ɗaya a mako ba ƙaramin abu ba ne a gare su.

Mutum biyun da suka koma gargajiya su ne suka fi yi maka ciwo, na sani, kuma ba zan ce maka kada ka ji ciwon ba. Ubangiji da kansa ya ga almajiransa da yawa sun juya baya sun daina tafiya tare da shi, kamar yadda Yohanna 6:66 ta nuna, Bulus kuma ya rubuta wa Timoti da baƙin ciki cewa Dimas ya yashe shi. Sau da yawa abin da ke mayar da mutum baya a ƙauye ba gardamar koyarwa ba ce. Ciwon yaro ne da ya ƙi jin magani, ko matsin dangi a kan aure, ko tsoron kada a bar shi shi kaɗai ranar da zai binne mahaifinsa. Idan ka daina gaishe su, ka tabbatar musu da abin da danginsu suke faɗa, cewa ikilisiya tana son mutum ne muddin yana cika mata benci. Ka je gayyarsu, ka duba marasa lafiyarsu, ka zauna a makokinsu.

Yana da kyau kuma ka tuna yadda bisharar ta iso ƙasar da kake tsaye a kai. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin shigowa ƙasashen Arewa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuma, wanda zazzaɓi ya kama, ya koma gida a 1895. Da an miƙa masa irin takardar rahoton da ake miƙa maka, sifiri zai rubuta a gurbin sababbin tuba, ya ƙara da kabari biyu. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi, sai a 1902 aka iya kafa tashar mishan ta farko a Patigi, a ƙasar Nufe. Bingham ya rasu a 1942, shekara goma sha biyu kafin a kafa ɗarikar ECWA, wadda ta fito daga wannan aiki, a 1954. Cikin waɗanda suka fara zama a Patigi akwai A. W. Banfield, wanda ya buɗe tashar Shonga a 1905, kuma daga wannan reshe ne aikin da ya zama ɗarikar UMCA ya miƙo har ya iso Zuru a shekarun 1920. Akan ba da wannan tarihi a taron bishara domin a nuna jimiri, kuma jimirin yana nan, amma akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Samarin nan uku sun zo ne babu wata ƙungiya a bayansu, kuma aikin bai kama ƙasa ba sai da aka sami mutanen da suka tsaya a gida suna tara kuɗi, suna addu'a, suna aiko da ma'aikata a ƙungiya. Jimirin mutum ɗaya bai wadatar ba.

Kai da kake ƙasar Zuru ka san golmo. Saurayi yakan yi shekaru yana noma a gonar surukinsa, dawar da ya nome ba ta shiga rumbunsa, kuma babu wanda yake kiransa rago don rumbunsa babu kome. Ba ya kuma zuwa gonar shi kaɗai, da tsaransa yake zuwa. Haka aikinmu yake ta fuska biyun nan. Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa ya yi girma, Ubangiji kuma da ya aiki almajiransa biyu-biyu ya aike su. A duk wasiƙarka ban ga inda ka ambaci abokin aiki ko ɗaya ba, sai abokan makaranta da kake auna kanka da su daga nesa. Akwai masu bishara a ƙauyukan da ke kewaye da kai, na ɗarikarka da na waɗansu, kuma ina kyautata zaton da yawansu suna da irin wasiƙarka a zuciya, ba su dai rubuta ba. Ku riƙa haɗuwa ranar kasuwa, ku yi addu'a, ku faɗa wa juna gaskiya, wani lokaci ku yi musayar bagade.

A nan zan ɗan juya ga shugabannin gundumomi da kwamitocin bishara, domin su ma suna karanta wannan shafi. Takardar rahoton da ba ta da gurbi sai na yawan tuba da yawan baftisma da yawan baiko tana koya wa mai bishara abu biyu, ko ya ji kunya ko ya ƙara lamba, kuma na biyun ya fi muni. A buɗe gurbin da zai faɗi gidaje nawa ya ziyarta, su wa suka yi hijira da inda suke, da halin da iyalinsa suke ciki. Wanda kuma yake neman rahoto a ranarsa, ya kamata ya biya hakkin ma'aikaci a ranarsa, gama 1 Korintiyawa 9:14, wadda ta ce masu shelar bishara su sami abin zaman gari ta wurin bishara, ba ta bar mana wurin kewaye-kewaye ba. Ikilisiyar birni da take sayen sababbin kayan kiɗa alhali mai bisharan da ta aika ƙauye yana cin bashin gishiri, tana da tambayar da za ta amsa.

Malam, ka rubuta rahotonka da gaskiya, har da batun albashi, ba tare da zafin rai ba. Kada kuma ka ga noma ko wata sana'a a matsayin faɗuwa daga kira, domin Bulus ya yi ɗinkin tanti a Korinti tare da Akila da Bilkisu yana wa'azi.

Akwai sauran abu ɗaya da zai yi maka ɗaci, amma rashin faɗarsa ba ƙauna ba ce. Ba kowane rashin amfani ne gwajin haƙuri ba, wani lokaci hanyar aikin ce take bukatar gyara. Da wane harshe kake wa'azi? Idan tsofaffin matan nan uku C'lela, wato Dakarci, suke ji har cikin zuciya, Hausa kuwa ta ciniki kawai suke ji, to ka koyi harshensu ko ka nemi mai fassara, ko da yaro ne ɗan makaranta. Me kake faɗa musu ranar Lahadi? Mai wa'azin da ransa ya ɓaci yakan tsaya ya yi wa waɗanda suka zo faɗa saboda waɗanda ba su zo ba, har su ma su fara jin nauyin zuwa. Matan nan sun taso da sanyin safiya, wata da sanda, sun zauna a gabanka, sun cancanci wa'azin da aka shirya da kyau kamar wanda za a yi wa mutum dubu.

Game da tambayarka ta ƙarshe, yawan jama'a ba shi ne ma'aunin kira ba. Irmiya ya gaya wa mutanen Yahuza cewa shekara ashirin da uku yana yi musu magana ba su saurara ba, kuma babu wanda yake shakkar kiransa. Haka kuma canjin wurin aiki ba zunubi ba ne. Idan bayan hutu da shawara da matarka da shugabanninka aka ga ya dace a mayar da kai inda mutanenka suka koma, ka tafi da zuciya ɗaya. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka sulale da dare ka bar matan nan uku ba tare da an san wanda zai riƙa zuwa musu ba.

Tambaya ta biyu

Baba Fasto, ni 'yar zumuntar mata ce a Gusau, ina sayar da kayan miya. Shekaru da yawa ina zaune lafiya da maƙwabtana, ina yi musu addu'a, idan sun tambaye ni game da bangaskiyata ina amsawa, amma ban taɓa ganin ko mutum ɗaya ya karɓi bishara ta dalilina ba. Idan aka zo ba da shaida a taron mata sai in sunkuyar da kai. Anya ba ɓata lokaci nake yi ba?

Wata 'yar'uwa, daga Gusau

Amsa

Mama, ki ɗaga kanki. Umarnin da ke 1 Bitrus 3:15 da 16 shi ne mu kasance a shirye mu amsa wa duk wanda ya tambaye mu dalilin begen da muke da shi, da tawali'u da girmamawa da lamiri mai tsabta. Abin da kika ce kina yi ke nan. Ayar ba ta ɗora miki alhakin abin da mai tambaya zai yi da amsar ba, gama juyar da zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne.

Sai dai ina so ki binciki zuciyarki a kan abu ɗaya. Idan alherin da kike yi wa maƙwabtanki kina yinsa ne domin jiran ranar da za su biya ki da tuba, to gajiya ba za ta rabu da ke ba, su ma kuma za su gane, domin mutane suna bambanta mai ƙaunarsu da mai neman wani abu a wurinsu. An umarce mu mu ƙaunaci maƙwabci, ba a sa sharaɗin sai ya shigo majami'a ba. Ki kai gaisuwar haihuwa da ta rasuwa, ki cika mudunki, ki riƙe amanar kuɗin adashi, ki yi haka ko da har ƙarshen ranki babu wadda ta bi ki sujada. A gari irin Gusau, inda mutane da yawa ba su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, abin da suka sani game da Kirista shi ne abin da suka gani a wurin Kiristan da ke kusa da su.

Likita Walter Miller ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya yi shekaru masu yawa a Zariya yana magani yana koyarwa, waɗanda suka bi bangaskiyarsa a cikin birnin kuwa ba su da yawa. Amma yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar da ta ba mu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Da yawan tuba kaɗai za a auna shi, da an ce bai yi abin kirki ba.

Ki kuma kiyaye kada gajiya ta tura ki ga gaggawa. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin yin addininsa da bayyana shi, amma kina zaune a jihar da take bin tsarin shari'ar Musulunci tun shekara ta 2000, a tsakanin mutanen da addininsu yake da daraja ƙwarai a wurinsu. Kada ki taɓa aibata abin da maƙwabcinki yake girmamawa, kada ki shiga gardamar da manufarta ita ce a kunyata wani, kada kuma ki ja yaran mutane gefe ba da sanin iyayensu ba. Wannan ba tsoro ba ne, ladabin da Bitrus ya ambata ne. Su kuma shugabannin zumuntar mata, ya kamata su daina gudanar da lokacin shaida kamar gasa, su ba da wuri ga macen da shaidarta ita ce ta yi shekara ashirin a unguwa ɗaya ba a taɓa kama ta da ƙarya ba.

Tambaya ta uku

Baba, mu matasa ne a ƙasar Yauri, a da mukan fita wa'azi ƙauyuka da rani, amma yanzu iyayenmu da dattawan ikilisiya sun hana saboda rashin tsaro. Waɗansunmu suna cewa wannan rashin bangaskiya ne. Mene ne gaskiya?

Wani matashi, daga Yauri

Amsa

Ɗana, ku ji maganar dattawanku. Mutanen da suka ga abin da ya faru a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na 2021, lokacin da aka kwashe ɗalibai da malamai, ba za a zarge su da rashin bangaskiya ba don sun ce ku dakata. Ubangiji ya gaya wa almajiransa a Matta 10:23 cewa idan an tsananta musu a wannan gari su gudu zuwa wancan, Bulus kuma a cikin kwando aka zurara shi ta katangar Dimashƙu da dare. 'Yan bindigar da ke tare hanya ba su tambayar abin da ya kawo mutum, kuma idan aka kama ɗayanku, gonar mahaifinsa da shanun danginsa za a sayar a biya kuɗin fansa.

Dakatar da tafiya ba dakatar da aiki ba ne. Mutanen ƙauyukan da kuke zuwa a da, da yawansu yanzu suna cikin gari, a gidajen dangi da kangaye, suna bukatar abinci da tufafi da wanda zai koya wa 'ya'yansu karatu da yamma. Waɗanda suka rage a ƙauye kuma suna shigowa ranar kasuwa, kuna iya sa musu karatun Littafi Mai Tsarki da waƙoƙi a katin waya su tafi da shi, da Hausa ko da harshensu idan akwai. Ranar da dattawa suka ga hanya ta yi sauƙi suka ba ku izini, ku fara tambayar mutanen ƙauyen halin da ake ciki a safiyar tafiyar, ku sanar da mai gari zuwanku, ku tafi kaɗan-kaɗan ba a cikin jerin gwano da lasifika ba, ku kuma dawo kafin la'asar.